Mai Farautar Den Bagus

Darmaji, mai sayar da tikiti a tashar jirgin ruwan Jepara, ya kafa wa wata mata ido ta tagarsa. Rana ta gasa ta, ga buhun tarkuna a gefenta, tana ƙwaƙule irin ciyawa daga ƙasan takalminta da tsinke. Da gani tsibirin tsuntsaye ta nufa, inda babu layi, babu shugaba.

"Baiwar Allah, ɓera za ki kashe?"

"Kul, Malam! Den Bagus ake cewa. In ya ji an kira shi ɓera, ƙwan tsuntsu ko ɗaya ba zai bari ba."

Den Bagus, wato kyakkyawan ɗan sarki. Ɓera ma da sarauta, da tsibirinsa, da mai zuwa takanas dominsa! Shi kuwa shekara ashirin ke nan ana kiransa "Taga ta biyu".