Sunan da Ya Yi wa Jikan Mbah Poniyem Nauyi

A lungunmu babu wanda ya kai Mbah Poniyem, wato Kaka Poniyem, sanin nauyin suna. Soyayyen tempe, wato wainar waken suya, da ayaba take sayarwa a ƙofar gida tun kafin aure ya kawo ni maƙwabtaka da ita, amma aikin da ta fi ji da shi, wanda babu wanda ya ɗauke ta, shi ne auna sunayen 'ya'yan mutane. Da an faɗa mata sunan jariri sai ta runtse ido, ta jujjuya shi a baki kamar mai ɗanɗana gishirin miya, sannan ta yanke hukunci: wannan yaro zai iya ɗauka, wancan kuwa zai karya masa wuya.

Hujjarta ita ce kanta. Ta ce ubanta, manomin da ko akuya bai mallaka ba, ya ɗauko sunan 'ya'yan fada ya ɗora mata, ta yi ta ciwo har ta koma ƙashi da fata. Sai kakarta ta dafa kunun shinkafa ja da fari, aka raba wa maƙwabta su shaida, aka sauke wancan suna aka sa mata Poniyem. Tun ranar, in ji ta, ko ciwon kai bai sake kama ta ba. Mu da muke jin kukan gwiwarta kullum ta bayan katanga ba mu taɓa yi mata gardama ba.

Da matar ɗanta Hartoyo ta haihu, sai aka zo wurin. Matar, Ningrum, yarinya ce mai shiru-shiru, ɗinki take a masana'anta, kuma a waya ta samo wa ɗanta suna: Rafandra Bagaskara Adiwangsa. Mbah ta nemi a maimaita mata, aka maimaita, ta ajiye matsamin tuya.

"Nduk, 'yata, wannan ai ba suna ba ne, buhun siminti ne," in ji ta. "Uban ɗan acaba, ɗan kuma sai ka ce gwamna?"

Ningrum ta sunkuyar da kai, sunan kuma ya zauna.

Yaro ya taso ƙato, ga ci ga ɓarna, sai dai yawan mura. Ya wuce shekara ɗaya da rabi yana gudu ko'ina, amma ka kira shi har muryarka ta dishe ba zai waiwayo ba, kuma ko kalma ɗaya ba ya faɗa. Ranar awon yara ma'aikaciyar lafiya ta koma bayansa ta kira, ta tafa, shi kuwa yana can yana tauna igiyar ma'auni. Ta ce a kai shi asibiti a duba kunnensa. Ningrum ta dawo gida ido jawur.

Mbah ta kama kunnuwan jikanta ta leƙa, ta ce guda biyu ne cif kamar na kowa, me za a duba? Yaro dai ya ƙi sunan ne, ya fi iyayensa hankali. Hartoyo, wanda a gaban uwarsa ba shi da baki, ya ce a gwada na Mbah tukuna. Washegari ƙamshin madarar kwakwa da jan sukari ya cika lungu, aka kawo mana kunu a ganyen ayaba, aka ce yaro ya koma Slamet.

Abin da Mbah ta manta shi ne Slamet uku gare mu a lungun, kuma duk ita ta sauke musu sunayensu na fari: mai facin taya, mai aski, da ladan. Duk sa'ad da ta ƙwala wa jikanta kira, ƙarti uku ne ke amsawa. Rannan ladan ya fito daga wanka da kumfa a kunne yana tambayar ko lafiya. Yaron kuwa ko gezau.

Aka sake kunu, aka ce Bejo. Ashe sunan dinyar maƙwabcinmu Pak Darmo ke nan, wata muguwar dinya mai tsattsagar ƙafar mutane. Da Mbah ta kira sai ga ta a guje, wuya a miƙe, tana neman ɓawon ayaba. Aka sake kunu, aka ce Urip. A lokacin mun riga mun lalace. Mijina har tsayawa yake a wurin tuya yana ba da shawarar sunaye, wai Urip ɗin ma yana ganin kamar ya ɗan yi nauyi ta wajen ƙarshe. Na ce masa ya ji kunya, ina faɗa ina lasar ganye.

Ningrum kaɗai ba ta dariya. Ta rame. In ta dawo daga aiki da la'asar takan yi wa yaron wanka a bakin rijiya, ina hango su ta kan katanga. In ta naɗe shi a tawul sai ta manna bakinta a kunnensa ta daɗe, ni kuwa na ɗauka sumba ce kawai. Wata rana ta tambaye ni a hankali ko na taɓa ganin yaron da bai taɓa kiran uwarsa ba har ya girma. Tausayinta ya kama ni.

Abin ya ƙare ne wata safiya da yaron ya hangi balan-balan a bakin titi ya zura da gudu. Mbah ta bi shi da gwiwar da ba ta ciwo, tana jero sunaye: Urip, Bejo, Slamet. Dinya ta fito, Slamet uku suka fito, yaro bai waiwayo ba. Mai aski ne ya cafke rigarsa, babur ya gifta har iskarsa ta ɗaga masa gashi. Mbah ta zauna daɓas a ƙasa, tempe yana ƙonewa a bayanta ba ta sani ba. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar matar nan ba sai ranar.

Ita da kanta ta goya yaron da zani ta ce Hartoyo ya tada babur. Likita ya ce ruwa ne ya taru a can cikin kunnuwan saboda yawan mura, yaron yana jin duniya kamar wanda ya nutsa kai a randa, sai abin da aka faɗa dab da kunne. Aka gwada magani, daga baya aka yi masa ɗan ƙaramin aiki aka zuƙe ruwan.

Ranar da aka dawo da shi, lungu duka ya taru a tsakar gidansu, kowa da sunan da ya ci kunu a kai. Wannan na Slamet, wancan na Bejo, dinya na taya su. Yaro ya firgita da hayaniyar da bai saba ba, ya cusa fuska a cinyar kakarsa. Mbah ta daka mana tsawa muka yi tsit. Ta gwada Urip a hankali, ta gwada Bejo, ta gwada Slamet. Bai motsa ba. Na ce a raina ko aikin bai yi ba.

Ningrum na tsaye can bakin ƙofar ɗaki, riƙe da jakar asibiti. Ba ta ɗaga murya ba.

"Rafa," ta ce.

Yaro ya ɗago kai. Ya juya, ya nemi inda muryar ta fito, ya same ta, ya washe baki.

Mbah ta dubi surukarta. Ningrum, hawaye na zuba, ta ce a yafe mata, kullum bayan wanka sunansa na fari take faɗa masa a kunne, ta kasa yar da shi. Mbah ta goge ido da bakin zani ta ce hayaƙin mai ne, alhali ranar ko wuta ba a hura ba.

"Nduk, auno shinkafa," in ji ta. "A mayar masa da kayansa."

Muka sha kunu na huɗu. Har yau Mbah Poniyem ba ta yarda ta yi kuskure ba. Ta ce kunu ukun nan ne suka ba yaron ƙarfin ɗaukar buhun simintinsa, kuma duk mai musu ya zo ya same ta. Amma ina jin ta ta bayan katanga, tana tsaka da tuya, ba aike ba komai, sai ta ce "Rafa." In ya waiwayo ta ce babu komai, je ka wasanka. Kafin tempe ya soyu ta sake kira.