Kaset Ɗin Gwajin Mai Kunne

A layin masu gyaran rediyo, tsakanin shagon tela da na mai sayar da wayar wuta, akwai wani mutum da ake kira Mai Kunne. Ba wani ne ya raɗa masa sunan ba. Shi ya raɗa wa kansa, ya yi ta maimaitawa har mutane suka gaji suka bi shi a haka. Sana'arsa gyaran sifika. Shekara talatin da ɗoriya yana kan benci ɗaya, gabansa ƙarfen dalma da gwangwanin gam, bayansa tulin akwatunan da masu su suka manta da su. Kuma a yi masa adalci, hannunsa ya iya aiki. Matsalarsa ita ce ya ɗauka tunda shi ke liƙe sifika, duk abin da zai fito daga cikinta sai da izininsa.

Yana saurayi kiɗan hip hop ya shigo musu, a kaset, daga wannan hannu zuwa wancan. Ya ɗinka wando mai faɗin buhu, ya haddace baitocin da bai san ma'anar rabinsu ba, yana tafiya yana ɗingishin ƙarya. Mahaifinsa yakan leƙo ɗaki ya ce wannan ba waƙa ba ce, zage-zage ne a kan ganga. Ranar da tsohon ya take masa kaset da takalmi, kwana biyu Mai Kunne ya yi bai taɓa abincin gidan ba. Har yau yana ba da wannan labari, kuma bai taɓa lura cewa yanzu shi ne tsohon da ke leƙo ɗaki ba.

Kunnen nasa da yake taƙama da shi ya tsaya cak a shekarar da ya yi aure. Duk waƙar da ta fito kafin nan ta gaske ce. Duk wadda ta biyo baya shara ce. Mawaƙan yanzu, in ji shi, ba su da numfashi, na'ura ke gyara musu murya kamar yadda ake yi wa tsohuwar mota fenti. Kiɗan kwamfuta kuwa, wanda ba baiti sai bugu da gurnani, ko sunan kiɗa ba ya ba shi. Idan matashi ya kawo gyara ya yi kuskuren kunna waƙarsa a waya, sai Mai Kunne ya ajiye ƙarfen dalma, ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Ɗana, injin niƙa ne ya lalace a aljihunka?" Tela ya yi dariya, ba don abin ya ba shi dariya ba, don dai a zauna lafiya.

Yana da ƙa'ida guda a aikinsa. Duk sifikar da ya gyara, da kaset ɗaya yake gwada ta, wani tsohon kaset ɗin hip hop da rubutun jikinsa ya goge tuntuni. Zai zura shi a rediyo, ya ɗora tafin hannu a kan akwatin, ya lumshe ido kamar likita mai jin bugun zuciya. In sifika ta ɗauki wannan kaset ba ta yi karkarwa ba, ta warke ke nan. Ba a ƙara, ba a ragewa. An sha gaya masa cewa kiɗan yanzu yana sauka ƙasa fiye da na da, bes ɗinsa, wato gurnanin nan da ake ji a ƙirji, yana girgiza takardar sifika yadda tsohon kaset ba zai iya ba. Amsarsa kullum ɗaya ce: sifikar da ta ɗauki waƙar mutane ba za ta gaza ɗaukar haushin karnuka ba.

To ga abin da Allah ya haɗa shi da shi. Autarsa, wadda ta tashi a ƙarƙashin bencin nan tana wasa da maganaɗisu, ta girma ta zama mai haɗa kiɗan kwamfuta. Shekararta ashirin da uku, da rana tana aiki a kantin magani, da yamma tana ɗaki da abin ji a kunne, tana ɗora sauti kan sauti. Sau nawa ta kawo masa ya saurara, sau nawa ya ce hannunsa da gam. Ba ta yi fushi ba. Shi ya koya mata yadda ake naɗa waya, shi ya koya mata jin bambancin sifika mai lafiya da mai ciwo, kuma duk duniya ba wanda take so ya ce mata ta iya kamar shi.

Sai aka sa gasar haɗa kiɗa a wani zauren taro. Wanda ya ci za a ɗauke shi koyon aiki na shekara guda a babban situdiyo, mutum ɗaya tak. Auta ta yi wata huɗu tana haɗa kiɗa mai tsawon minti uku. Saura kwana biyar, mai zauren ya turo manyan sifikunsa biyu a baro zuwa shagon Mai Kunne, takardar ɗaya ta ɓalle daga bakinta. Auta ta biyo ta shagon a hanyarta ta dawowa daga aiki, ta gan su, ta gane su.

"Baba, waɗannan ne za a sa mana ranar Asabar."

"To sai aka yi yaya?"

"Ka gwada su da nawa. Akwai wurin da bes ɗin ke sauka sosai. In gam ɗin bai kama ko'ina ba, a nan zai nuna."

Ya ɗago ya dube ta. Tela ya tsayar da kekensa yana jiran amsa, kuma wannan tsayar da keke shi ya yanke maganar. A gaban tela 'yar da ya haifa za ta koya masa gwaji?

"Ke, kafin a haife ki nake wannan aikin. Tafi gida, uwarki na jiranki."

"Minti uku ne kawai, Baba."

"Ko daƙiƙa uku ne, wannan abin ba zai shiga shagona ba."

Ta ajiye masa ƙaramin filas ɗin kwamfutar da kiɗan ke ciki a gefen benci, ta tafi. Ya ture shi bayan gwangwanin gam. Washegari ya liƙe takardar, ya zura tsohon kaset ɗinsa, ya ɗora hannu, ya lumshe ido, ya gyaɗa kai. Aka zo da baro aka kwashe.

Ranar Asabar matarsa ce ta ja shi zauren, bayan azahar. Ya zauna a kujerar baya, ya harɗe hannu, yana ta tsaki. Mutum shida suka yi nasu, sifiku suka ɗauka lafiya, shi kuma yana taɓa matarsa da gwiwar hannu yana cewa ta ji aikin hannu. Sai aka kira Auta.

Kiɗan ya fara da wani siririn sauti, sai ganga ta shigo a hankali, tana jan ƙafa kaɗan a bayan bugun, daidai irin jan ƙafar da ke cikin waƙoƙin samartakarsa. Ya gane ta nan take. A shagonsa yarinyar ta tsince ta. Bai san lokacin da ya warware hannunsa ba. Daƙiƙa arba'in aka yi a haka, sannan bes ya sauka, ƙasan zauren ya amsa, sifikar hagu ta yi wata ƙara kamar ana yage buhun siminti. Daga nan sai ta yi ta karkarwa. Yara suka toshe kunne, wasu suka fashe da dariya. Babban alƙalin gasar ya ɗaga hannu aka kashe, ya faɗa ta lasifikar hannu cewa wanda bai iya daidaita sautinsa ba bai kai shiga situdiyo ba tukuna, tunda mutum shida sun yi ba abin da ya fashe. Auta ta naɗe wayoyinta ta sauka.

Ranar Litinin aka dawo da sifikar shago. Auta ta zo da kanta, ta tsaya yana kwance ƙusoshin. Da ya cire ragar gaba, abin ya fito fili: tsawon ɗan yatsa a gefen takardar, gam bai taɓa wurin ba sam, busasshe ƙarau. Ya gani. Ta gani. Ya san ta gani, don shi ya koya mata inda ake dubawa. Tela ya miƙo wuya daga ƙofa.

"Na faɗa tun farko," in ji Mai Kunne, da ƙarfi yadda tela zai ji. "Irin wannan kiɗan kashe sifika yake yi."

Auta ta sa yatsa ta shafa busasshen wurin, daga farko har ƙarshe. Ya jira ta yi musu. Da ta yi musun, da ya samu abin da zai yi wa ihu, a rabu a haka.

"Haka ne, Baba," ta ce. Ta miƙa hannu bayan gwangwanin gam ta ɗauki filas ɗinta, ta yi wa tela sallama.

Tun daga ranar ba ta sake kawo masa komai ya saurara ba. Tana gaishe shi da safe, tana kawo masa maganin hawan jini daga kantinsu, tana rufe ƙofar ɗakinta in za ta yi aiki. Shi kuwa daƙiƙa arba'in ɗin nan suka maƙale masa. Yana cikin dalma sai ya ji yana buga su da yatsa a kan benci, ya kai inda bes ya sauka, ya tsaya, don bai san abin da ke gaba ba. Mutumin da ya shekara talatin yana yanke wa waƙoƙin duniya hukunci, ga shi minti biyu da ɗoriya sun gagare shi, kuma a cikin gidansa suke.

Wata rana da safe, yana ɗaura agogo, ya ce wa matarsa ba tare da ya dube ta ba, "Wannan abin na yarinyar nan, ya yake ƙarewa ne?"

"Ka tambaye ta mana. Ga ta can ba ta fita ba."

Ya tsaya a tsakar gida yana kallon ƙofar ɗakin Auta. Ya gyara hula, ya laluba aljihu ya ji makullin shago na nan, ya ce ya makara, ya fita.