Hoton Baban Gidan Bulo

Shekarun baya, lokacin da nake jin kaina a matsayin babban mai ɗaukar hoto, abokina ya shirya baje-kolin hotuna a Maitama kan ma'aikatan da ke gina Abuja. Ya ce in kawo nawa. Na rataya kyamara na nufi wani gidan bulo a bayan Kubwa.

A nan na haɗu da wani dattijo da kowa ke ce wa Baba. Shi ke kula da injin, shi ke faɗin yawan yashi da sumuntin da za a kwaɓa. Na nemi izini, ya ce in ɗauka, sai dai kar in tsaya masa a hanya. Na samu hoto ɗaya da ya burge ni: Baba ya ɗago bulo ɗanye, sumunti ya yi masa fari fat a fuska, idonsa a rufe.

Ranar baje-koli aka taru a gaban hoton cikin sanyin na'ura. Wata hajiya ta ce rufe idon nan yanke ƙauna ne. Wani malamin jami'a ya ce bulon shi ne nauyin birnin duka a wuyan talaka. Ni da na san ƙura ce ta shiga idon mutumin, na tsaya ina gyaɗa kai kamar da gangan na yi. Abokina ya sa hoton a intanet da dogon Turanci a ƙasa.

Da na kai wa Baba kwafinsa, ko karɓa bai yi ba.

"Ɗana, me na yi maka?" ya ce. "'Yata ta gani a waya, ta kira ni tana kuka, wai in dawo gida kafin wahala ta kashe ni. Surukina har ya fara nemo mini aikin gadi. Ni da mutane ke aiki a ƙarƙashina."

Na fara yi masa bayanin haske da inuwa. Ya katse ni, ya ce in dawo ranar Juma'a.

Na kira abokina na ce ya sauke hoton. Ya ce ai fasaha ce, kuma mutane sun riga sun yaɗa. Muka yi ta ja-in-ja har na kashe waya, na je na ciro na bangon da hannuna. Na intanet kuwa ya fi ƙarfina.

Ranar Juma'a na tarar da Baba cikin farar shadda da hula, ya sa an jera buloli layi-layi a bayansa. Rana tsaka, haske mara kyau, ya dafa injin ya ƙame kamar soja. Na roƙe shi ya ɗan saki jiki, ya ƙi. Na ce ko bulo ɗaya ya riƙe. Ya ce, "A cikin wannan kayan?" Na danna ina ƙunƙuni.

Wannan hoton ya aika gida, maganar gadi ta mutu.

Har yau in na ji ana fassara hoton ma'aikaci da manyan kalmomi, raina ɓaci yake, har da haushin kaina. Kowa ya faɗi abin da hoton ke nufi, ban da wanda ke cikinsa. Yanzu in na ɗauki mutum a bakin aikinsa, sai na juya masa kyamarar ya gani tukuna. Sau da yawa cewa ake in goge, ni kuma in goge ina cizon yatsa.