Kalmar da ta rage wa Gwaggo

Gwaggo ta yi ƙuruciyarta a ɗakin waya na wani babban otal, tun zamanin da sai mutum ya zauna gaban allo mai ramuka yana haɗa mai kira da wanda ake nema. Ɗakin ba shi da taga. Ta sha gaya mana cewa idan ta sa abin sauraro a kunne, sai ta ji kamar garin ne duka yake ratsawa ta cikin kanta: mai neman ɗaki, mai cigiyar ɗan'uwa, mai kukan da ba ya so a gane. Kowa da kalmar Turanci ɗaya take tarbarsa, "hold", wato ya dakata.

Da aka kawo sababbin na'urori aka sallame ta da abokan aikinta, ta koma shagon mijinta, Baba mai gyaran keken ɗinki. Kunnensa ya yi nauyi, don haka ita ke jin koken masu kawo aiki, shi kuma ya duƙa kan keke. Haka suka tsufa cikin ƙamshin man keke da ɓurɓushin zare.

Wata safiya ɓarin jikinta na dama ya shanye. Da ta dawo daga asibiti, Hausar da ta yi rayuwa da ita ta tafi kaf. Kalmar nan ta wurin aiki kaɗai ta rage a bakinta. Da ita take neman ruwa, da ita take gaisuwa, da ita take korar kaza daga bakin ƙofa.

Autarta, wadda ke koyarwa a firamare, ta duba ƙamus ta ce kalmar ba dakatawa kaɗai take nufi ba. Akwai riƙe abu a hannu, akwai abin da randa za ta iya ci, har gudanar da taro da tsare mutum duk suna ciki. Baba ya yi dariya ya ce mai ƙamus bai taɓa haɗuwa da Gwaggo ba, da ya ƙara shafi. Shi dama ba jin kalmar yake yi ba. Girarta yake kallo, da yatsun hannunta na hagu, kuma da wuya ya kuskure.

Da la'asar takan zauna kusa da tagar ɗakinta, rana na ratsa labule tana zana mata furanni a cinya. Ƙarar keken da Baba ke gwadawa takan shigo ta bango. Sai ta lumshe ido tana maimaita kalmar a hankali, kamar mai rarrashin mutanen da ita kaɗai ke jin muryarsu.

Babban ɗansu, wanda muke kira Yaya, bai ga haka ba. Ya ga tsoho mai nauyin kunne yana jinyar tsohuwa marar magana, ya ce gidansa za ta koma, inda akwai nas da gadon da ake ɗagawa. Ya tambaye ta ko ta yarda, ta faɗi kalmarta, ya ɗauka e ta ce. Baba ya so ya yi magana, amma ya ga ɗan nasa da kyakkyawar niyya ya zo, sai ya haɗa mata kaya.

A can gidan Yaya, a saman bene, komai fes yake. Nas tana zuwa a kan kari, jikoki na leƙowa. Gwaggo na cin abin da aka ba ta, tana kallon silin, amma bakinta ya rufe. Ko kalmar nan ɗaya ta daina faɗa. Da abin ya ishi Yaya, ya zo da kansa ya ɗauki Baba, ni ma na bi su don in taimaka masa hawa matakala.

Baba ya zauna a bakin gadon yana haki. Ta dube shi tun daga hula har ƙasa, idonta ya tsaya kan maɓallin da ya sa a ramin da ba nasa ba.

"Hold," in ji ta, da kaifi.

Yaya ya matso. "Baba, me ta ce?"

"Ta ce na zo mata kamar wanda aka koro. Sannan a ɗauko mata takalmanta."

"Ita ta faɗi na biyun, ko kai ka ƙara?"

Baba bai ji ba, ko kuma ya yi kamar bai ji ba. Gwaggo ta riga ta fara jan ƙafarta mai lafiya zuwa gefen katifa, tana laluben ƙasa da yatsu. Yaya ya daɗe yana kallon ƙafar. Daga nan ya durƙusa, ya zura hannu ƙarƙashin gado ya jawo takalman, ya fara sa mata na dama.