Ƙwayar da ba ta dawo ba

Ni ne wawan wannan labari, gara in faɗa da bakina.

Bara na binne irin geronmu na ƙarshe a gonata ta hanyar Kornaka tun kafin ruwa ya sauka, uwargidana tana hana ni. Ruwa ya yi yayyafi ya ɗauke, iri ya ruɓe a ƙasa. Da kaka ta zo, rumbu ba ko zangarniya.

A lokacin ne ɗiyata mai koyar da kimiyya a lise, wato babbar sakandare, ta zo daga Maradi. Ni da na tsaya a aji huɗu na lakwal, na gyara zama kamar mai jarraba ta, na ce ta gaya mini mene ne ƙwayar zarra, ko ana tuwo da ita.

Ta ce, "Baba, a da masana sun ɗauka dunƙulalliya ce. Sai suka yi ta harba wasu ƙananan ƙwayoyi a kan siririn fallen zinariya. Kusan duka suka wuce, ɗaya-ɗaya ce ta dawo. Nan suka gane 'yar cibiya ce a tsakiya, sauran duk fili ne."

Na ce, "Alhamdulillahi! Ashe cikakken rumbu ma fili ne. Ni da attajiran Dakoro duk ɗaya muke."

Ba wanda ya yi dariya. Uwargida tana kaɗa miyar da ba tuwon ci da ita, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Ta ce, "Malam, su ɗaya-ɗaya ta dawo musu. Kai da ka binne tiya shida, ƙwaya nawa ta dawo?"