Ƙahon da Na Goge da Toka

Kwana tara da rasuwar Baba na jawo akwatin daga ƙarƙashin gadonsa. Ni ce babba, ni aka ɗora wa tattara kayan ɗakinsa kafin malamin unguwa ya zo rabon gado. Baƙin akwati ne dogo, an naɗe shi da tsohon bargo. Na zaci littattafai ne, don Baba tela ne, kuma shekara talatin shi ne ladanin masallacinmu a zangon Sokode, nan ƙasar Togo. Ina buɗewa na ja da baya. Wani ƙahon tagulla ne mai lanƙwasasshen wuya, jikinsa duk maɓallai, ya yi baƙi-baƙi da kore-kore.

Ni kuwa ba na iya ganin tagulla da dauɗa in ƙyale. Haka uwata ta rene ni: toka, lemon tsami, soson ƙarfe. Tun hantsi na zauna a tsakar gida ina dirza har azahar, sai da ya fito fes kamar tiren biki. Wallahi har alfahari nake yi.

A haka Baffa, ƙanen Baba, ya shigo ya same ni.

"Innalillahi! Ke, ina kika samo wannan?"

Na faɗa masa. Ya juya shi, ya nuna mini wasu lambobi a bayansa, ya rage murya. "Wannan na sojoji ne, masu fareti. Duk abin da kika ga da lamba, na gwamnati ne. Babanku kuwa ya taɓa ɗinka wa bariki kaki yana saurayi." Na gane nufinsa: wai a can Baba ya ɗauko shi.

Da malam ya zo, ko taɓa shi bai yi ba. Ya ce ba a raba gado da kayan wani a ciki. In na mamaci ne, a san wanda ya ƙera shi da darajarsa, a raba. In ba nasa ba ne, a nemi mai shi, don haƙƙin yana wuyansa a kabari har sai an mayar.

Baba ɓarawo? Mutumin da ko ƙyallen da ya rage a ɗinki sai ya ƙulle ya mayar wa mai shi? Na ce ƙarya ne. Amma in ba sata ba, me ya sa ya ɓoye mana shekara da shekaru? Da an kira salla da muryar sabon ladan sai in tuna shi. Tsoro nake ji, tsoron abin da Baba yake gani inda yake.

A aljihun akwatin na tsinci wata 'yar takarda mai hatimin wani mai gyaran kayan busa a Dapaong. Sai na tuna duk shekara bayan babbar salla Baba yakan tafi can kwana uku, wai ziyarar aboki. Ba wanda ya taɓa tambayarsa wane aboki.

Na shiga motar Dapaong da sassafe, akwatin a kan cinyata. Muka wuce garuruwan Kara da Kante. Bayan Mango aka tsayar da mu a shingen sojoji, aka ce kowa ya sauko da kayansa. Ga ni mace ni kaɗai, da dogon baƙin akwati, a hanyar da ake binciken ko buhun gawayi, kuma abin da ke ciki Baffa ya ce nasu ne. Sojan ya buɗe, ya ɗago ƙahon, ya kira ɗan'uwansa. Suka tsura wa lambar nan ido, ni kuwa ina karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa.

"Madam, ke kike busawa?" in ji shi.

Suka fashe da dariya, ya miƙo mini. Ni ban yi dariya ba. Na ce a raina waɗannan yara ne, ba su san kayan dā ba.

Mai zemijan, wato ɗan acaɓa, ya kai ni shagon a bayan kasuwa. Mai gyaran tsoho ne, ɗan ƙabilar Moba, Kirista, da Hausarsa ta kasuwa wadda mace da namiji duk "kai" ne. Yana ganin akwatin ya ce, "Ina telan?"

"Ya rasu, Baba."

Ya zauna a kan benci. Da ya buɗe akwatin kuwa sai ya ɗora hannu a ka. "Wayyo! Wa ya yi wannan aika-aika? Saksofon ne fa, ba tukunya ba!"

Na ce ni ce. Ban damu da faɗansa ba, abin da ya kawo ni ya fi ƙarfin haka. "Baba, don Allah abu ɗaya na zo tambaya. Na sata ne?"

Ya yi mini wani kallo da na gwammace mari. "Kai 'yarsa ne kuwa?"

Ya ɗauko gawayi ya shafa a bakin ƙahon, ya share da yatsa. Wani rubutu da na kusa cinyewa da soso ya fito dishi-dishi. Ya karanta mini sunan maƙerin, wani Bafaranshe. Lambar da ta hana ni barci ta maƙera ce, ita ke nuna shekarar da aka ƙera shi, tun ba a haifi Baba ba. Wani Bature malamin lakwal, wato makarantar boko, shi ya zo da shi. Da zai koma gida, Baba ya nace yana so, ba shi da ko sisi, sai aka yi yarjejeniya ya ɗinka wa duk 'yan busan makarantar riguna har shekara biyu.

"Ni ne shaida," in ji tsohon. "Da allura ya saye shi."

Na sulale ƙasa ina hamdala, ina kuka kamar ranar ne aka yi rasuwar.

Ya ce da ban taɓa shi ba, masu neman tsofaffin kaya za su ba da abin da zai sayi fili a Sokode. Yanzu da na kware masa fata, in an samu na babur a gode Allah. Na ce ba komai.

"Ba wannan ke ci mini rai ba," ya ce. Ya nuna mini gurbin babban yatsa a baya, da wani wuri kusa da maɓallai. "Nan da nan akwai sawun hannunsa. A ɗakin nan yake rufe ƙofa ya busa, don a garinku ladan ba ya busa. Shekara arba'in gumin hannunsa yana zama a nan."

Na gane wuraren. Su ne suka fi ba ni wahala, su na fi dirza.

Sai ya kwance wata 'yar jakar ƙyalle da ban kula da ita ba, ya zaro baƙin abin da ake sawa a baki. A samansa akwai rami biyu ƙanana, da ɗan fili a tsakaninsu. Sawun haƙora ne, filin kuwa wushiryar Baba ce.

Da na koma na faɗa wa malam komai a gaban Baffa, har da ɓarnar da na yi, na ce a cire ta a rabona, a bar mini ƙahon. Baffa ya ce to a yi shiru, kada unguwa ta ji ladan yana busa.

"Baffa," na ce, "shekaranjiya ka yarda ɓarawo ne, yau kuma kunyar busa kake ji?"

Ƙahon yana ɗakina yana ta sheƙi, ba na son kallonsa. Ɗan baƙin abin nan yana cikin jakarsa. Ko ruwa ban taɓa sa masa ba.