Baba Haliru da Bangon Inna Tamada

A bayan kasuwar kifi ta Yelwa akwai gidaje huɗu a jere, kowanne ya jingina da na kusa da shi. Wani falken busasshen kifi ne ya gina wa 'ya'yansa huɗu, kuma da yake 'yan'uwa ne, bai ga dalilin yi wa kowa katangarsa ba. Bango ɗaya ne ke raba gida da gida, na ƙasa, mai kauri. Zuriyar falken ta watse tuntuni. Gida na biyu shi ne namu. Na uku na Inna Tamada ne, wadda ta haura shekara arba'in tana bandar kifi a tsakar gidan, tun mijinta na da rai har bayansa.

Da na dawo daga karatu a Ibadan, na tarar yayana Bashir ya gyara namu. Lokacin aurensa da Khadija ya sa birkila ya shafe bangayen da siminti, aka yi fenti shuɗi, aka shimfiɗa tayil. Duk wanda ya shigo sai ya yaba. Ɗakin Inna Tamada kuwa, wanda ke bayan ɗakin amarya, bangonsa ya yi ciki daga ƙasa, yana zubar da ɓawo, warin laima ya kama har tabarmarta. Ɗanta Umaru ya zo daga Kontagora ya gani, ya ce ba zai bar uwarsa ta yi damina a ƙarƙashin wannan bango ba. In ba a gyara kafin ruwa ya zauna ba, zai zo da mota ya ɗauke ta.

"In tai Kwantagora in banda mi?" in ji ta. "Ƙadangaru?"

Saura kamar mako shida a lokacin. Ita ce ta aike ni in kira mata Baba Haliru, maginin ƙasa.

Na same shi a bakin ruwa yana kallon wasu samari suna toshe kwalekwale, yana gaya musu inda suka tsallake. Gajere ne, ya kusa saba'in, tafin hannunsa kamar busasshiyar fata. A wani gungu aka haife shi, tsakiyar kogi, cikin waɗanda ruwa ya shanye da aka datse Kainji. Yana ɗan shekara goma aka kwashe su zuwa tudu. Ubansa gyaran jirage yake yi, a wurinsa ya koyi yadda ake ƙwanƙwasa katako a ji inda ya ruɓe tun ido bai gani ba. Gidajen siminti da aka ba su a sabon gari kuwa zafi gare su, sai mutane suka riƙa ƙara ɗakunan ƙasa a gefe. A nan ya fara kwaɓa wa wani magini ƙasa, daga baya ya bi shi Yelwa, ya yi shekara goma sha ɗaya a hannunsa. Yanzu maginan ƙasa a garin ba su da yawa. Yawancin aikinsa a ƙauyukan Ngaski da Shanga yake, rumbuna da ɗakunan tsofaffi.

Bai zo da awo ko igiya ba. Wata tsohuwar wuƙa ce kawai a aljihunsa, mai ƙotar icce.

"Mutumin ruwa, ka iso?" in ji Inna Tamada. "Na ce ko ka nutse."

"Wa za ya nutse ya bar ki da bango kamar cikin mai wata tara? Kauce in gani."

Ya durƙusa ya bi bangon da ƙotar wuƙar, yana bugawa a hankali, kunnensa kusa da ƙasa. Ya ɓantari kaɗan ya murza, ya sansana. Ya fita ya duba indararo, ya duba inda ruwan wanke kifi ke bi. Duka lafiya. Sai ya tambaya ko wa ke kwana a bayan bangon.

Na ce yayana ne da matarsa.

"Siminti ag garai?"

Na ce e.

Ya mayar da wuƙar aljihu. "To, Tamada, ciwon ba ɗakinki yake ba. Nan dai yake fitowa."

Ta ce ita dai ya yaɓe mata nata gefen, kada a tayar wa yaran mutane da hankali. Ya ce shi bai taɓa gyaran rabin bango ba, kuma ba zai fara da tsufansa ba. In ya yaɓe, Umaru zai zo ya ga sumul ya koma, bangon kuma ya faɗo mata a watan takwas.

A hanyar zagayawa gidanmu ya yi mini bayani. Garin nan kusa da ruwa yake, ƙasarsa ba ta rabuwa da danshi. Bangon ƙasa yana shan danshin nan ta gindi, ya fitar ta fuskokinsa biyu, iska ta kwashe. Haka ya yi shekara da shekaru. Shi ya sa a da, in an gama girbi, matan layin kan haɗu su yaɓe kowane bango ciki da baya a mako guda, ba a barin gefe ɗaya ya fi ɗaya. Da aka rufe fuskarmu da siminti, sai duk ruwan ya koma fita ta wajen tsohuwa, wanda bai samu hanya ba ya kwanta a ciki.

Bashir ya karɓe shi da girmamawa, ya sa aka kawo ruwa. Amma da ya ji maganar, sai fuskarsa ta canza.

"Baba, dubi bangon nan fa. Ko tsaga babu. Nata ne ya tsufa."

"Naka da nata tare aka haife su, ɗana. Riga ce kai ka sa ma naka."

Ya nemi izinin Khadija a janye kabad ɗin kayanta. Muka janye. Ya miƙa wa Bashir wuƙar, ya ce ya buga da kansa, ya fara daga sama. A sama ƙarar a cike take. Da ya sauko daidai ƙugu sai ta koma kamar ana buga ƙwarya. Bashir ya sake bugawa, ya matsa gefe ya buga, duk ɗaya.

"Bari in huda maka wuri kamar tahin hannu," in ji Baba Haliru. "In na iske shi busasshe, ni za ni toshe, in ba ka haƙuri, in tai gida."

Bashir ya ɗaga kai alamar ya yarda. Guduma biyu simintin ya faɗa ciki, don babu abin da ke riƙe da shi. Baba Haliru ya ce wa Bashir ya sa hannu. Hannun ya shige har wuyan hannu, ya fito da ƙasa baƙa, jiƙaƙƙiya, tana wari.

Khadija ce ta fara magana, daga bakin ƙofa. Ta ce shekara guda ke nan tana fitar da atamfofinta rana duk sati saboda fumfuna, ba ta faɗa ba ne don ta ga yadda Bashir yake son ɗakin.

"Kuma kanmu a nan yake in mun kwanta," ta ce. "Baba, a fasa."

Bashir ya dubi hannunsa, ya dubi fentin. "A fasa ɗin," ya ce, ya fita wanke hannu.

Aikin bai yi kama da abin da na zata ba, don yawancinsa jira ne. An ɓamɓare simintin daga ƙasa zuwa ƙirji, aka tokare rufin ɗakunan biyu da azara, aka bar ƙofofi da tagogi a buɗe. Bashir da Khadija suka koma ɗakin Innarmu, Inna Tamada ta koma rumfarta. Kwana goma sha biyu Baba Haliru yana zuwa da safe, ya taɓa bangon, ya sha kunu, ya tafi. A rana ta biyar ya tarar Inna Tamada ta jawo garwashin banda ta jera a gindin bangon don ya yi saurin bushewa.

"Ke! Tarwaɗa kika ɗauke shi? Kwashe, kwashe. In ya bushe da wuta tsagewa za ya yi."

"Hadari na ga jiya wajen Shanga."

"Ni ma ina da ido."

Ta kwashe tana mita. Da gaske hadarin ya fara haɗuwa da yamma, yana watsewa.

A tsakar gidanmu ya sa aka zuba jar ƙasa, aka tattaka ta da ciyawa, aka rufe ta kwana uku ta ruɓa. Da bangon ya sha iska, sai ya fara cire ruɓaɓɓen wurin, amma ba gaba ɗaya ba. Ya cire kamu ɗaya, ya cike da tubali, ya tsallake kamu biyu, ya cire na gaba. Sai waɗannan sun kama yake dawowa kan na tsakiya. Na tambaye shi dalili, ya ce bangon yana ɗauke da rufin gida biyu, ba a cire masa ƙafafu duka a ce ya tsaya. A wani wurin ramin ya ratsa har ɗaya gefen, muna ganin ƙafafun Inna Tamada tana wucewa.

"Amarya," ta kira ta cikin ramin, "miƙo min gishiri ta nan kafin mutumin ruwa ya toshe hanya."

Khadija ta miƙa mata, suna dariya.

Yana aiki yana ba ni labari kaɗan-kaɗan, in na tambaya. 'Ya'yansa maza uku, biyu na kamun kifi, ɗaya na acaba. Babu wanda ya ɗauki ginin, kuma bai ce laifinsu ba ne. Shi kansa ɗakin da yake kwana na ƙasa ne, amma ya yi wa matarsa na bulo, don ta ce ta gaji da yaɓe.

Ranar yaɓen ƙarshe ya raba mu biyu. Shi da Bashir a gefenmu, ni da wasu mata biyu na layin a gefen Inna Tamada, ƙasa ɗaya, kwaɓi ɗaya, yana zagayowa yana duba kaurin. Bayan kwana huɗu aka yi ruwan farko, da la'asar, mai ƙarfi. Washegari ya zo ya bi bangon da ƙotar wuƙarsa ciki da baya, ya sa aka cire azarorin.

Bashir ya tambaye shi ko zai iya mayar da fentinsa.

"Farar ƙasa dai. Kuma duk shekara in an gama girbi, ku da ita, mako guda."

Har yanzu ɗakin yayana shuɗi ne daga ƙirji zuwa sama, fari daga nan zuwa ƙasa, kuma yakan ɗan yi tsaki in baƙo ya tambaya.

Umaru ya zo ranar wata Asabar da motar da ya yi alkawari. Ya shiga ɗakin uwarsa ya daɗe, ya danna bangon da tafin hannu, ya zagayo ya duba namu gefen. Ya nemi Baba Haliru ya yi masa godiya, aka ce ya tafi Wara ginin rumbu tun ranar Laraba. Da azahar Inna Tamada ta sa aka ɗora wa motar kwando biyu na bandar kifi, ta raka ɗanta bakin layi, ta dawo ta hura wutarta.